Rubutun Kawu a Shafin Farko

Ran kasuwar Makarfi da ta wuce na aiki matar maƙwabcina ta sayo mini littafi. Na ce mata kowane iri ne, in dai na Hausa ne mai manyan baƙaƙe, don jikar ƙanwata za a aurar, kuma ina so in sa shi cikin kayan da zan kai. Da la'asar sai ga ta hannu wofi, tana dariya tun daga zaure. Wai mutumin nan da ke shimfiɗa littattafai a tabarma kusa da 'yan rake, yanzu caja yake sayarwa da murfin waya. Ta ce, "Ke ma dai Iya! Wa ke kai wa amarya littafi yanzu? Ki saya mata kular abinci mai kyau. In karatu take so, ai a waya za a turo mata." Na ce haka ne 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ta tafi ta bar ni da kajina. Tun ranar abin yake yawo a raina, gidan kuwa ba kowa balle in zauna in amayar masa, shi ya sa na ɗauko biro. Rubutuna ba ya sauri, ku yi haƙuri da shi.

Lokacin da na buɗe ido a Gubuchi, ban san ana sayen littafi ba. Ni dai na ga ana bayarwa. Akwai malamin da ke bayan gidanmu, shi da hannunsa yake rubuta nasa, warƙa-warƙa ba ɗinki, ya zuba a gafaka ta fata. In ɗalibinsa ya gama zai koma garinsu, sai ya kira shi gaban jama'a ya miƙa masa guda. Ƙaton mutum mai gemu zai durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a ka, wani har ya yi hawaye. Wanda ya dawo daga Makka kuwa, mu yara dabino muke jira, amma manya idonsu na kan ƙunshin da zai kai wa liman. Daga baya ne 'yan ƙananan littattafan boko suka fara shigowa daga Zariya a bayan keke, sirara, an ɗinke tsakiyarsu da waya. Su ma ba a tallarsu a garinmu. Sai ka yi wani abin kirki a ba ka. Ko da na yi aure, zamanin da littattafan labari suka cika ɗakunan mata, kyauta da aro ne ke yawo da su. Littafi zai zo hannunki, ki shinshina ki san gidajen da ya bi: wannan shafin manja, wancan turaren wuta, can kuma yaron wata ya yaga kusurwa. Na cikin wayar nan fa, wane ƙamshi gare shi? Wa zai ce ga hannun da ya miƙo maka?

Mai kawo mana na bokon shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyata. Shi aka ba ajin yaƙi da jahilci, yana koyar da magidanta da rani a zauren gidan kakanninmu, in an gama kai amfanin gona gida. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kullum akwai alli a gefen hularsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ko ɓarna na yi ba ya iya yi mini faɗa. Zai dube ni ne kawai ya ce, "Uwata, haka za mu yi da ke?" Shi ya roƙi babanmu a bar ni da Yayana mu riƙa zama a bayan aji. Yaya ya samu zama sosai. Ni kuwa yau ina nan, gobe ina wurin surfe, jibi an aike ni kai abinci wurin masu matsar rake. Har yanzu in na rufe ido ina jin kukan injin nan da doki ke juyawa, ƙiii, ƙiii, da ƙamshin mazarƙwaila tana tafasa, da luguden matan gidanmu yana amsa na maƙwabta. A cikin wannan duka ne aka ce in koyi a, ba, ca. Na riƙe wasu, wasu suka zube a hanya.

Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau biyu, ya zauna ke nan. Akwai wani ɗan littafi mai koren bango da Kawu ke ba ɗalibai aro, labarin wani ɗan koli da jakinsa da suka bi kasuwanni bakwai suna neman mai sayen madubi guda. Kawu yana da doka: ba ya ba mutum littafi ya je ya ƙunshe a ɗaka. In ya ba ka, to ka karanta da ƙarfi mutanen gida su ji. Saboda haka kullum bayan la'asar Yaya zai zauna a kan turmin da aka kife, yana bin baƙaƙe da yatsa, yana tuntuɓe, ni kuma ina gefe ina kaɗi. Mazari na juyawa, kunnena na sha. Kafin wata ya ƙare na haddace labarin nan kaf, har na san inda ake juya shafi, don ina jin ƙarar takardar, kuma ina leƙen hotunan.

Sai ranar da mai duba azuzuwa ya zo daga Ikara a kan keke. Aka share zaure, aka yayyafa ruwa, dattawan gari suka zauna, babanmu ma yana ciki. Ana kiran mutane ɗaya-ɗaya suna karatu. Magidanta masu furfura suna gumi, wani ya kai tsakiyar layi ya tsaya cik kamar jakin da ya ga rafi. Baƙon ya hango ni a raɓe a bakin ƙofa ya ce, "Waccan yarinyar fa, ita ma 'yar aji ce?" Kafin Kawu ya buɗe baki, babanmu ya ce, "Tawa ce. Zo nan ki gwada." Aka miƙo mini koren littafin nan.

Da na ce ban iya ba, da shi ke nan. Amma na ga idon babanmu, na ga dattawa sun juyo, sai na buɗe na kama. Na zubo labarin nan tiryan-tiryan, ba tuntuɓe, ina juya shafi daidai inda ya kamata, har da canza murya in ɗan koli na zagin jakinsa. Zaure ya ɓarke da dariya da kabbara. Baƙon ya ce bai ga irina ba duk yawonsa. Babanmu ya kasa rufe baki. Sai Kawu ya matso. Ya karɓi littafin daga hannuna, ya zaro alƙalaminsa mai shan tawada, ya juya baya ya daɗe yana rubutu a shafin farko, wurin da ba hoto. Ya hura ya bushe. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda malamin bayan gidanmu ke yi, ya ce, "Uwata, na ba ki, naki ne har abada. Ki karanta shi tun daga farko."

Na durƙusa na karɓa. Littafi na farko ke nan da aka taɓa ba wata 'ya mace a gidanmu.

Kashegari babanmu ya ce to ai ta gama, me kuma za ta zauna yi a aji? Inna ma ta ce alhamdu lillahi, dama aikin ya yi mata yawa. Kawu ya zo ya yi magana, na ji shi ta katanga yana cewa a ƙara mata ko rani ɗaya ne. Babanmu ya ce, "Haba malam, kai da kanka ka ba ta littafi a gaban mutane. Ko akwai abin da ya rage?" Na ji Kawu ya yi sallama ya fita. Ba a daɗe ba aka mayar da shi Ikara da aiki, ajin ma ya watse.

Na shiga ɗaki na buɗe shafin nan. Layi huɗu ne da shuɗiyar tawada, rubutun hannu mai haɗe-haɗe, ba irin na ɗab'i ba. Ko harafi ɗaya ban gane ba. In kai wa Yaya? Ai ya gano ni ke nan, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Na ce bari sai gobe. Na naɗe shi a tsohon ɗankwali na sa a ƙasan adaka.

Goben nan ita ce ta kai ni shekara sittin da wani abu.

Da littafin aka kai ni gidan miji a Kudan. Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomi ne, bai yi boko ba, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar a ce matarsa ta iya. Labarin ya riga ni isa. Mata suka fara kawo mini wasiƙu. Nan na koyi dabaru kala-kala: yau hayaƙi ya shiga mini ido, gobe hannuna da ƙullu, jibi rubutun mai wasiƙar ne ba kyau, a kai wa malamin makaranta. Akwai wata baiwar Allah da ɗanta ya tafi aikin soja, ta zo da takarda a ƙunshe a bakin zane, ta ce ba ta so namiji ya karanta mata, in mugun labari ne gara ta ji daga bakin 'yar'uwarta mace. Na riƙe takardar nan na daɗe ina kallo. Na ce mata kaina ke sara. Yadda ta dube ni ta karɓi abinta ta fita, har yau bai bar ni ba. Lafiya lau ɗan yake, ashe, gaisuwa ce kawai. Amma ni ban yi mata rana ba.

'Ya'yana kuwa, a kan koren littafin nan suka tashi. In na gama tuwo kafin magariba, sai in ɗauko shi su kewaye ni, in buɗe daga shafi na biyu in yi ta zubo musu. Ko sau ɗaya ban bari hannunsu ya taɓa shi ba, na ce kyautar Kawu ce, ba ta wasan yara ba. Da suka shiga makaranta suka fara kawo nasu littattafan na kyautar ƙarshen shekara, sai in ce, "Karanta mini in ji ko ka iya." Su karanta, ni kuma in riƙe. Har suka girma suka watse, wannan Kaduna, wancan Zariya, macen tana can Legas, ba wanda ya taɓa zargin komai.

Duk sallah muna zuwa Ikara gaida Kawu. In na durƙusa muka gama gaisuwa, an tambayi gida da yara da damina, sai ya ce, "Uwata, ina littafinki?"

In ce, "Yana nan, Kawu."

"Kin karanta shi tun daga farko?"

"Tun daga farko, Kawu."

Sai ya ɗan dube ni, ya ce, "To, madalla." Ya sa a kawo mini fura.

Shekara da shekaru haka, har gashinsa ya yi fari fat, har ya koma ba ya fita ko masallacin ƙofar gida. Ni a zatona tsufa ne ke sa shi maimaita tambaya ɗaya. Ranar da ya rasu na yi kuka ƙwarai, amma, Allah ya gafarta mini, can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan sauƙi, don ba mai sake tambayata.

Bayan maigida ma ya tafi, gidan nan ya yi mini girma. Ɗaki biyar, mutum ɗaya. Da can in gari ya waye ba ka jin maganar na kusa da kai saboda daka da kukan yara. Yanzu injin niƙa ya cinye daka, yara kuma sai a waya nake jin muryarsu, su ce Iya ya jiki, kafin in gama ba su labarin akuyata sun ce kati zai ƙare. Wata rana ina gyaran adaka na kwance ɗankwalin nan, na buɗe shafin farko. Shuɗiyar tawadar ta koma kalar ƙasa, layin ƙarshe ma sai na kai shi hasken rana nake ganinsa. Na ce wayyo ni. Mutumin nan ya yi mini magana tun ina yarinya, ban ji ba, ga shi maganar za ta goge ta bi shi.

Da na so, da na miƙa wa kowane mai wucewa ya karanta mini cikin minti ɗaya. Na kasa. Ba kunya kaɗai ba ce. Gani na yi ni ya rubuta wa, ba mutanen unguwa ba. Akwai ajin matan aure da ake yi a Islamiyyar unguwarmu safiyar Asabar da Lahadi, har da boko. Na saka mayafina na je. Malamar, wata mai haƙuri sa'ar 'yata, ta ce, "Iya, ke da aka ce tun zamanin da kin iya?" Na ce na zo tuni ne, ido ya manta. Ta ce to bismilla. Sati biyu ta gane komai, na ga alama a fuskarta, amma ta rufa mini asiri. Sai dai ta daina karanta layi kafin ta tambaye ni, don ta lura in ta riga ta faɗa to kunnena ya sace. Na sha wuya. Kan tsohuwa ba ya ɗaukar sabon abu da daɗi. Damina biyu na yi kafin na iya na ɗab'i, sannan na roƙe ta ta riƙa rubuta mini abubuwa da hannu, mai haɗe-haɗe, wai don in iya karanta takardar asibiti.

Ranar wata Talata ce bayan azahar, ba kowa sai kaji suna tono a gindin rumbu. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina inda haske ya fi, na buɗe shafin, na ɗora yatsa kamar yadda Yaya ke yi. Kalmar farko ta ba ni wuya, sai can ta buɗe: Uwata. Na ji kamar daga bayana aka kira ni, har na waiga. Sauran na bi su ɗaya-ɗaya, har inuwa ta iso ƙafata. Ga abin da ya rubuta:

"Uwata, na ga idonki a kan hoto yake, ba a kan rubutu ba. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ranar da kika karanta wannan da kanki, ki zo ki same ni. Na ajiye miki na biyu."

Ashe ya sani. Tun a zauren nan ya sani. Ba zai iya kunyata mai sunan uwarsa a gaban baƙo da dattawa ba, ba zai iya ce wa surukinsa 'yarka ƙarya ta yi ba, sai ya sa maganar a inda ni kaɗai zan same ta. Kuma duk sallar nan da nake durƙusawa ina cewa tun daga farko, Kawu, ya san ban buɗe ba. Ya ce madalla, ya ba ni fura.

Da safe na hau mota zuwa Ikara. 'Yarsa Asabe ce a gidan yanzu, taubashiyata, ita ma ta tsufa, gwiwa ta hana ta sakat. Tana ganina ta ce, "A'a! Yau kuma wa ya mutu, kifin rijiya ta fito? Ko tuwon Kudan ne ya ƙare kika biyo namu?"

Na ce, "Tuwon naku da ba ya tsayawa a mara? Matsa mini in zauna, baiwata."

"Wa ye baiwar taki? Kawo kuɗin shara tukuna."

Na kwance ɗankwalin na miƙa mata. Ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ce, "Yaushe kika karanta?"

Na ce, "Jiya."

Ta ce, "Jiya-jiya?"

Na ce, "Jiya, Asabe."

Ba ta tsokane ni ba, ita da ba ta taɓa barin dama ta wuce ta. Ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗakin da yake nasa. Na ji tana jan akwati. Ta fito da wani abu a cikin tsohuwar jakar fata, ta ce, "Da aka zo rabon kayansa, littattafai duk an kai makaranta. Wannan ya ce mini kada a taɓa, na Uwata ne, za ta zo. Na ce Baba ai tana zuwa duk sallah, in miƙa mata mana? Ya ce a'a, ba ta zo ba tukuna. Ni na ɗauka ruɗin tsufa ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Duk ranar da kuka zo kuka tafi, sai ya fito da shi ya shafa ya mayar."

Ta miƙo mini da hannu ɗaya, sai kuma ta tuna, ta haɗa da ɗayan. Ni ma na sauko daga kujera, gwiwa na ƙara, na durƙusa na karɓa.

Ɗan littafi ne mai jan bango, sabo fil, sai dai takardar ta yi rawaya kuma wayar tsakiya ta yi tsatsa. Na yi sauri na buɗe shafin farko. Ba komai. Fari tas. Ya bari ne sai na zo ya rubuta.

Yana nan wurina yanzu. Kullum bayan la'asar nakan kife turmi in zauna in karanta shafi ɗaya, da ƙarfi, yadda dokarsa ta ce, ko da yake mutanen gidan kaji ne da akuya guda. Wannan ban taɓa jin sa a bakin kowa ba, saboda haka ina tuntuɓe sosai, kuma ban san yadda labarin zai ƙare ba. Koren kuwa, shi zan sa a cikin kayan amaryar nan, tunda kasuwa ba ta da shi. Zan miƙa mata da hannu biyu, in ce ta fara daga shafin farko, a gabana.

Farin shafin nan na jan littafin ya daɗe yana kallona. Shekaranjiya na ɗauki biro, na gwada a bayan kwalin ashana sau uku don kada hannuna ya ɓata masa wuri, sannan na rubuta a can sama, na bar masa sauran filin:

Kawu, na zo.